BAYANI: Yadda ake zaɓen kulocin Peugeot 504 da kuɗi kaɗan, a garin da ya harhaɗa motar

A unguwar Kakuri, kudu da Kogin Kaduna, akwai wata mahaɗar hanya da har yau ake kiranta da sunan Peugeot, saboda masana'antar harhaɗa motoci da ke kusa da ita. Daga wannan masana'anta ne motar Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ta riƙa fitowa na kimanin shekara 30, har zuwa tsakiyar shekarun 2000. An daina ƙera ta, amma ba ta daina tafiya ba. Tana nan a hannun 'yan fansho da suka saye ta tun suna aiki. Akwai akori-kurarta da ke jigilar katako da hatsi. Akwai kuma matasan da suka gaji ta iyayensu, suna son farfaɗo da ita don tarihi da ƙawa.

Duk mai irin wannan mota zai wayi gari wata rana kulocinta ya ƙare. Idan ya shiga kasuwa za a baje masa kaya iri-iri, kwalayen sun yi kama da juna, farashin kuwa kamar sama da ƙasa. Wanda aljihunsa bai da nauyi zai karkata ga mafi araha. Sai dai a aikin kuloci, kuɗin kayan rabin lissafi ne kawai. Sauran rabin shi ne wahalar buɗe motar, kuma kayan da zai sa a sake buɗe ta bayan wata uku ya fi kowane tsada, ko nawa aka saye shi.

Motar da Kakuri ta harhaɗa

An fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta kuma lashe kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A wannan shekarar ne aka ƙaro mata samfura biyu na ƙawa masu ƙofa biyu, ɗaya mai rufi ɗaya buɗaɗɗiya, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ya kuma ƙera gangar jikinsu. Sunan da ta yi a Afirka ya samo asali ne daga juriyarta a kan mugun titi. A 1975 direba Ove Andersson ya lashe gasar tseren Safari ta Kenya da 504, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya sake lashe ta da samfurin mai ƙofa biyu da injin V6. Saboda haka a Turai yau ana lissafa ta cikin tsofaffin motocin da masu sha'awa ke adanawa.

A Najeriya, an yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a watan Disamba na 1972, masana'antar Kakuri kuma ta fara aiki a watan Maris na 1975, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Tana ɗaya daga cikin masana'antun harhaɗa motoci shida da gwamnati ta kafa tare da kamfanonin waje a wancan zamani: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Enugu, Steyr a Bauchi, da kamfanin manyan motoci na Fiat a Kano. Da yake tashar jiragen ruwa ta Apapa ta cushe da jiragen siminti a lokacin, sai aka riƙa ɗauko sassan motar a jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, daga nan a kawo su Kaduna.

Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta mayar da Peugeot motar hukuma, kuma a shekarun da kasuwa ke ci masana'antar na fitar da dubun-dubatar motoci a shekara. Abin da ta harhaɗa shi ne salun mai ƙofa huɗu, da doguwar nan mai ɗaukar fasinja a tasha, da akori-kura. Samfurin mai ƙofa biyu ba a harhaɗa shi a Kaduna ba. Wanda ake gani jefi-jefi shigo da shi aka yi. Wannan bambanci yana da muhimmanci a wurin sayen kuloci, kamar yadda za a gani a gaba.

Mene ne kuloci, kuma sassa nawa ne?

Kuloci shi ne abin da ke haɗa ƙarfin inji da giyabos, ya kuma raba su idan direba ya taka. A 504 mai giyar hannu, manyan sassansa uku ne, kuma dukansu suna ɓoye tsakanin bayan inji da gaban giyabos.

Na farko shi ne filet: faifai ne mai fata a fuska biyu, da ƙananan sifirin a tsakiyarsa da ke shanye girgiza. Shi ne ke cinyewa a hankali, kamar yadda fatar birki ke cinyewa. Na biyu shi ne murfin da ke danne filet a jikin fulayiwil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. Makanikai a nan na kiran wannan murfi dis, kuma ƙarfin dannawarsa yana fitowa ne daga wani sifirin mai yatsu da suka nufi tsakiya. Na uku shi ne boris ɗin da ke tura waɗannan yatsu idan an taka kuloci, domin murfin ya saki filet.

A wajen waɗannan akwai hanyar da ke kai umarnin ƙafa zuwa gare su. A 504 mai ne ke yin wannan aiki, irin man birki: akwai famfon sama da ke manne da abin takawa, da famfon ƙasa da ke jikin giyabos, da bututun da ya haɗa su. Waɗannan ana iya gyara su ba tare da an sauke komai ba.

A fara tabbatarwa cewa kulocin ne

Tsimi mafi girma shi ne kada a buɗe motar da ba ta buƙatar buɗewa. Alamomin sun kasu, kuma kowace na nuni ga wani wuri daban.

Idan inji na ƙara kuka amma motar ba ta ƙara gudu, musamman a giya ta uku ko ta huɗu, ko a hawa da kaya, to filet na santsi. Sau da yawa ana jin ƙauri tare da haka. Gwajin da makanikai suka saba yi shi ne a tsayar da mota a fili inda babu kowa a gabanta, a ja birkin hannu sosai, a saka babbar giya, a saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu nan take, filet na da sauran riƙo. Idan ya ci gaba da aiki, ya ƙare. Ba a maimaita wannan gwaji barkatai, domin shi ma yana cin fata.

Idan kuwa matsalar ita ce giya ta ƙi shiga, ko ribas na gurnani, ko abin takawa ya yi laushi yana nutsewa ƙasa, to a fara duba man kuloci da famfunan nan biyu. Robar da ta tsage a cikin famfo, ko iskar da ta shiga bututu, tana haifar da irin wannan, kuma kuɗin gyaransa ɗan kaɗan ne idan an kwatanta da sauke giyabos. Mutane da dama sun biya kuɗin sabon kuloci a kan matsalar da 'yar roba za ta magance.

Ƙarar da ke tashi idan an taka kuloci, ta ɗauke idan an saki, yawanci boris ne. Karkarwa a lokacin tashi daga tsaye kuwa tana iya zama baƙin mai ne ya jiƙa filet, ko fulayiwil ya ƙone ya yi tabo, ko kuma robobin da inji ke zaune a kansu ne suka mutu. Na ƙarshen nan ana ganinsa daga waje, don haka shi ya kamata a fara dubawa.

Dalilin da ya sa ba a son yin aikin sau biyu

Peugeot 504 da ƙafafun baya take ja, kuma sandar farfelarta tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da bayan motar. Wannan tsari na daga cikin abin da ya ba ta ƙarko, amma yana nufin ba a kai wa ga kuloci sai an raba inji da giyabos, ko dai a ciro injin ko a sauke giyabos. Aiki ne da kan cinye yini, a tsohuwar mota mai tsatsattun notuna kuma yana iya wuce haka. Kowace buɗewa na zuwa da nata haɗarin: noti ya karye, zare ya lalace, waya ta tsinke.

Ga mai akori-kura ko direban da ke lodi a tashar Television zuwa Kachia da Kafanchan, akwai kuma asarar yinin da motar ta yi a gareji. Don haka lissafin da ya dace shi ne a haɗa kuɗin kaya, da ladan bakanike, da kwanakin da mota za ta yi ba ta aiki, sannan a tambayi tsawon lokacin da aikin zai ɗauka kafin a sake. Da wannan ma'auni ne ake auna zaɓuɓɓukan da ke kasuwa.

Hanyoyi huɗu da ke gaban mai saye

Wanda ke zaune a Kakuri, Makera, Barnawa ko Sabon Tasha zai samu ƙananan shagunan kayan gyara a kusa da shi, amma don zaɓi mai faɗi akan tsallaka kogi zuwa Ori-Apata ko Panteka. Wasu kan aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi a jihar Anambra. Ko'ina aka je, kayan ba sa wuce kashi huɗu.

Na farko shi ne sabon kaya na kamfanin da aka sani. Peugeot ba ta saba ƙera kuloci da kanta ba. Kamfanonin da suka ƙware a kansa ne ke yi mata. Fitacce a cikinsu shi ne Valeo na Faransa, wanda kafin 1980 ake kira Ferodo, shi ya sa ake ganin wannan suna a jikin tsofaffin kaya. Akwai kuma LuK da Sachs na Jamus. Wannan kashi shi ne mafi tsada a rana ɗaya, kuma shi ne mafi sauƙi idan aka raba kuɗin a kan shekarun da zai yi, matuƙar na gaskiya ne. Matsalarsa ita ce shi ne aka fi kwaikwaya.

Na biyu shi ne sabon kaya na kamfanonin da ba su yi suna ba, galibi daga ƙasashen Asiya. Ba dukansu ne marasa kyau ba. Akwai masu nagarta daidai gwargwado, akwai kuma waɗanda sifirinsu ke saki da wuri ko fatarsu ta ƙone a hawa na farko. Kamfanin da ya rubuta sunansa na gaskiya a kwali ya fi zama abin dogaro a kan wanda ya ari sunan wani. A nan shaidar bakaniken da ya ɗaura irinsa ya kuma ga yadda ya ƙare ta fi duk wani rubutu da ke jikin kwali.

Na uku shi ne kayan Beljiyam, wato waɗanda aka ciro daga motocin da aka yi amfani da su. A sassan da ba sa cinyewa, kamar fulayiwil ko cokalin da ke tura boris, wannan hanya ce mai kyau, domin tsohon ƙarfen asali sau da yawa ya fi sabon kwaikwayo. Amma filet abu ne da aka yi shi don ya cinye, kuma babu wanda ya san nisan da ya riga ya yi. Akwai kuma wani abin lura: an daina ƙera salun ɗin 504 a Turai tun 1983, saboda haka akasarin abin da ake kira Beljiyam na wannan mota a yau daga motocin gida aka kwance shi.

Na huɗu shi ne a sake wa tsohon filet fata. Masu wannan sana'a kan cire ƙusoshin ribit, su ɗora sabuwar fata, su sake bugawa. Ita ce hanya mafi araha, kuma tana yin aiki idan an cika sharuɗɗa uku: faifan ƙarfen bai lanƙwashe ba, haƙoran tsakiyarsa ba su cinye ba, ƙananan sifirin ba sa girgiɗi a gurbinsu. Sabuwar fata a kan mataccen faifai asarar kuɗi ce. Haka kuma dole kaurin sabuwar fatar ya yi daidai da na asali. Idan ya wuce, kuloci ba zai saki ba, giya ta riƙa gardama. Ga motar da kayanta suka yi wuyar samu, kamar mai injin V6, wani lokaci wannan ce kaɗai hanyar da ta rage.

Akwai zaɓi na biyar da wasu matasa ke sha'awa, wato kulocin motocin tsere mai ƙarfin riƙo. Injin 504 na fetur mai lita 2 da kafireto bai kai ƙarfin doki 100 ba, kuma kulocin asali ya ishe shi. Na tseren yana da taurin takawa, yana fizga a wurin tashi, yana kuma cin fulayiwil. A cunkoson Sabon Tasha azaba ce kawai da aka saya da tsada.

A auna kafin a biya

Faɗin cewa "na 504 nake so" bai isa ba. An ƙera motar da injina daban-daban, na fetur masu lita 1.6 da 1.8 da 2, da na dizal, da V6, an kuma haɗa su da giyabos mai giya huɗu ko biyar. Bugu da ƙari, motar da ta shekara 30 ko 40 a Najeriya da wuya a ce injinta da giyabos ɗinta na asali ne. Da yawa an sauya musu na 505, wadda ta fito a 1979, ko na wata 504 daban. Takardun mota ba za su faɗi wannan ba.

Saboda haka ƙa'idar ita ce a fara kwance tsohon, a tafi da shi kasuwa. A ɗora sabo a kan tsoho, a duba abu biyar: faɗin filet daga baki zuwa baki, yawan haƙoran da ke ramin tsakiya da faɗin ramin, tsayin cibiyar da ke tsakiya, domin idan ta yi tsawo za ta goga notunan fulayiwil, ramukan notin murfi da tsayin yatsunsa, da kuma siffar boris da yadda yake zama a kan cokali. Gwaji mafi tabbas shi ne a zura sabon filet a sandar da ta fito daga gaban giyabos. Ya kamata ya shige ya fita sumul, ba tare da tauri ko lilo ba.

Idan hali ya yi, a sayi sassan uku daga kamfani ɗaya. Filet na wani kamfani da murfin wani na iya zama daidai a ido, amma ɗan bambancin kauri ya sa kuloci ya riƙa kamawa can sama ko can ƙasa.

Yadda ake gane jabu

Babu alama ɗaya da ke yanke hukunci, amma idan suka taru sukan nuna gaskiya. Kamfanonin da aka sani kan buga sunansu da lambar kaya a jikin ƙarfen kansa, ba a kwali kaɗai ba, kuma lambar ciki ta dace da ta waje. Ƙusoshin ribit na gangariya suna zaune a jere, kawunansu iri ɗaya, sun nutse ƙasa da fuskar fata. Idan aka girgiza filet, sifirin ba sa ƙara. Yatsun murfi duka tsayinsu ɗaya. Boris na juyawa shiru ba tare da tsakuwa-tsakuwa a hannu ba. Sabon fenti mai kauri a kan murfi abin zargi ne, domin akan wanke tsoho a fesa masa fenti a saka a sabon kwali. A duba bakin yatsun, inda boris ke gogawa, ko akwai tsohon zane.

Alama mafi ƙarfi ita ce farashi. Kayan da aka ce na Faransa ne amma kuɗinsa ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna, to akwai magana. Araha ba ta ado.

Inda ake tsimi da inda ba a yi

Mai ƙaramin ƙarfi yana iya rage kashe kuɗi ta hanyoyin da ba za su cuce shi ba. Famfunan kuloci, idan cikinsu bai yi tsatsa ko zane ba, sauya robobinsu ya wadatar. Fulayiwil da ya yi ɗan tabo ana iya kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su share fuskarsa, maimakon sayen wani. Wanda ya tsage ne kawai ba ya gyaruwa. Murfin da fuskarsa ke da santsi, babu shuɗin ƙuna, yatsunsa ba su cinye ba, ana iya mayar da shi idan kuɗi sun gaza, ko da yake sifirinsa na raunana da shekaru ba tare da ido ya gani ba.

Abubuwan da ba a yi musu rowa uku ne. Na farko boris: shi ne mafi araha a cikin sassan uku, kuma idan ya mutu sai an sake buɗe motar gaba ɗaya. Na biyu yoyon mai: idan baƙin mai na tsiyaya daga bayan inji ko gaban giyabos, dole a toshe shi kafin a rufe, in ba haka ba zai jiƙa sabon filet ya lalata shi. Na uku ɗan zoben da ke tsakiyar bayan inji, inda kan sandar giyabos ke zama. Ƙaramin abu ne da ake mantawa da shi, amma cinyewarsa na sa giya ta yi gardama. Wanda ya tsallake waɗannan, garin neman ƙiba zai samo rama.

Ranar ɗaurawa da bayanta

Kaya mai kyau a hannun da bai iya ba, asara ce. Filet na da fuskar da ke kallon inji da wadda ke kallon giyabos, kuma idan aka juya shi ba zai saki ba. Ana daidaita shi a tsakiya kafin a ɗaure murfi. Makanikai da yawa na amfani da tsohuwar sandar giyabos don wannan. Notunan murfi ana ɗaure su kaɗan-kaɗan, ɗaya a nan ɗaya a ɗaya ɓarin, ba a ƙulle guda gaba ɗaya a koma na kusa da shi ba. Giris kaɗan ake shafawa a haƙoran sanda, domin wanda ya yi yawa zai fantsama a kan fata. Ba a barin nauyin giyabos ya rataya a kan filet yayin shigarwa, kuma ba a jawo shi da ƙarfin noti idan ya ƙi zama.

Akwai batun lafiya da ba a cika magana a kai ba. Tsofaffin fatun kuloci da na birki an yi su da sinadarin asbestos, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana haifar da cutar daji idan ana shaƙar ƙurarsa. Tarayyar Turai ta haramta shi baki ɗaya daga 2005. A gareji, yaran da ke koyon aiki ne aka fi sa wa share wannan ƙura. Bai kamata a hure ta da baki ko da iska ba. A jiƙa tsumma a goge.

Bayan an gama, man birki na DOT 3 ko DOT 4 ake zubawa a famfo, ba baƙin mai ba, domin shi yana kumbura robobi. Sabon kuloci na buƙatar 'yan ɗaruruwan kilomita na tuƙi a hankali, ba lodi mai nauyi, kafin fatar ta zauna. Daga nan tsawon rayuwarsa na ƙafar direba: ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, da riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birki, da tashi da giya ta biyu da kaya, su ne ke cinye shi kafin lokaci.

Haƙƙin mai saye

Dokar Tarayya ta Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da aibi ko bai dace da yadda aka siffanta shi ba. Hukumar SON kuma ita ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su. A aikace, abin da ya fi saurin amfani shi ne rasit mai ɗauke da sunan shago, da sunan kamfanin kayan, da kwanan wata, tare da yarjejeniya a gaban shaida cewa za a karɓa idan bai yi daidai ba. Kasuwannin kayan gyara na da shugabanninsu, makanikai na da ƙungiyar NATA, kuma akan sasanta irin wannan saɓani a wurinsu. Yana da kyau mai mota ya je kasuwa tare da bakanikensa, ya biya da hannunsa, ya kuma karɓi tsofaffin kayan da aka cire.

Me ya sa kayan motar gida ya zama na waje?

Tambayar da ke bayan duk wannan ita ce yadda garin da ya shekara 30 yana harhaɗa mota ya koma jiran kayan gyaranta daga ƙetare. An kafa masana'antar Kakuri da burin cewa sannu a hankali za a riƙa ƙera sassan a gida. An samu ci gaba a abubuwa kamar taya, da batir, da gilashi, da kujeru. Amma sassan da ke buƙatar ƙarfe na musamman sun dogara ne ga masana'antar ƙarfe, kuma kamfanin Ajaokuta da aka fara ginawa tun ƙarshen shekarun 1970 bai kai ga cika wannan buri ba.

A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. Shirin SAP na 1986 a zamanin Janar Ibrahim Babangida ya karya darajarta, sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwar motocin Beljiyam ta buɗe. Kamfanonin taya na Michelin da Dunlop sun daina ƙera taya a ƙasar a 2007 da 2008. A Kakuri kanta, masaƙun da suka yi maƙwabtaka da PAN, irin su KTL da Arewa Textiles, sun rufe. An sayar da mafi yawan hannun jarin PAN ga kamfanin ASD Motors a ƙarshen 2006, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012 saboda bashi, kamfanin Nesbitt Investment ya saye shi a 2020. A 2022 wani kamfani daban, Dangote Peugeot, ya fara harhaɗa motoci a sabuwar masana'anta a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Tun da kayan gyara da dala ake sayo su, kowace girgizar canji na isa gareji kai tsaye. Kafin Yunin 2023 farashin hukuma ya kasance kimanin naira 460 a kan dala ɗaya. A Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Wannan ne ya sa masu motoci da dama suka koma ga sake wa filet fata, ya kuma buɗe wa jabu ƙofa, domin jabu na bunƙasa ne a inda na gaskiya ya gagari mai saye.

Ƙwarewar kuwa ba ta bar Kaduna ba. Akwai makanikan da suka koyi Fijo tun tana sabuwa, da waɗanda suka koya a hannunsu, da maƙeran Panteka da ke iya share fulayiwil su buga ribit. Mai 504 da ke da kuɗi kaɗan ya fi samun riba idan ya fara neman irin wannan hannu kafin ya nemi kwali: a gwada motar a tabbatar da ciwon, a kwance tsohon kaya a auna, a sayi mafi ingancin filet da kuɗin za su iya, a haɗa da sabon boris, a toshe yoyo, sannan a rufe motar sau ɗaya.